Malam Hayatu Mai Anten da Faretin Aisatu

Kafin kasuwar Roumdé Adjia ta gama buɗe ido, Malam Hayatu ya riga ya jingine kekensa a gindin dalbejiyar da ke gaban rumfarsa. Zai shimfiɗa buhu ya jera kayan aiki: filaya, sukundireba uku, guntayen bututun alminiyom da yake ƙera eriya da su, wadda a nan muke kira anten, da wani ɗan maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar lasifika. Sai ya zauna ya sha kununsa yana jiran mai matsala. Kusan shekara arba'in ke nan, tun zamanin da unguwa guda ke taruwa a gaban talabijin ɗaya. Yau gwiwa ta ce ta gaji da tsani, ya ajiye hawa rufi, ni kuma na ce wallahi ba zai sauka shiru ba.

Ban taɓa ganin ɗan kasuwa mai korar ciniki irinsa ba. Da sabon tsarin dijital ya shigo, aka ce za a riƙa kama tashoshi kyauta da hoto tar, mutanen Garoua muka rikice. Kowa na rige-rigen sayen abin da bai sani ba. Madam Pauline mai tuyar ƙosai a bakin titi ta ba ni labari da bakinta: ta zo wurinsa da niyyar yar da tsohuwar talabijinta ta sayi sabuwa.

"Papa Hayatu, an ce wannan tele tawa ta mutu ke nan."

"Wa ya kashe ta? Lafiyarta ƙalau, Madam. Ɗan ƙaramin dikoda za ki haɗa mata. Ki juya kwalin, in kin ga an rubuta T2, shi ne. In babu, ko da zinariya aka yi shi, ki ajiye musu abinsu."

Ya raka ta har shago. Da aka miƙo wayar eriya, sai ya fito da maganaɗisun nan ya kanga a bakinta, ta manne caf. Ya ce wa mai shago wannan ƙarfe ne aka shafa wa launin tagulla, damina ɗaya zai yi tsatsa, a kawo ta gaskiya. Mai shago ya haɗe rai, Pauline kuwa har yau talabijinta na aiki, kuma har yau Malam bai sake sayen ƙosai da kuɗinsa ba.

Kai ne, Malam, mai cewa eriya ba ta san mai kuɗi ba, tsawo da saiti ta sani. Kai ne ba ka faɗin abin da za a saya sai ka tsaya a tsakar gida ka dubi bishiya, ka dubi bene, ka gane ta ina hasumiyar tasha take. Na bututu, maganin mai rawar kai!

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a gidan maƙwabcina Baba Mahamman mahauci, shekara biyu da suka wuce. Baba ya yi shekara hamsin yana fawa, sai ido ya fara cin amanarsa. Likita ya gaya masa gaskiya cewa ɗan ganin da ya rage ba zai daɗe ba. 'Yarsa Aisatu kuwa ma'aikaciyar jinya ce a soja, an tura ta can arewa bakin iyaka inda ake fama da tashin hankali, shekara uku ba ta taka Garoua ba. Kwatsam ta bugo waya daga Yaoundé: an zaɓe ta cikin masu faretin ashirin ga Mayu, ranar bikin ƙasa, tana sahun gaba, ƙarshen dama. Za a nuna kai tsaye. Baba ya ce shi dai ya ga fuskarta kafin duhu ya rufe shi, ba ya roƙon Allah komai bayan wannan.

To, mu Hausawan Garoua muna da wata cuta da muka gada daga kakanninmu fatake: duk abin da ya tsallako daga Najeriya, a wurinmu shi ne mai kyau, ko da tsinken sakace ne. Bilya, babban ɗan Baba, bai yi shawara da kowa ba ya tsallaka Yola, ya dawo da wani ƙaton dikoda cikin kwali mai ƙyalli, yana tafe yana hura hanci. Aka haɗa, aka kunna. Sai rubutu ya fito wai a sa kati a biya kuɗin wata, kuma ko an biya, tashar ƙasarmu ba ta ciki. Saura kwana biyu fareti.

Malam Hayatu ya zo ya juya kwalin, ya yi murmushi.

"Bilya, wannan ai ɗan can ne, ba ya jin yaren nan."

"Kawu, mai shagon ya rantse mini ya fi na ko'ina!"

"Ya fi, amma a garinsu. Je ka kawo ɗan ƙaramin nan na kasuwarmu da ka raina."

Ya ƙera eriya da hannunsa, ya ɗaura ta a dogon gora, ya kafa a kan rufin kwano. Ya aro wa Baba talabijin mai faɗi, ya ja kujerarsa kusa har gwiwa na taɓa tebur. Hoto ya fito, har gashin girar mai karanta labarai Baba ya ƙirga. Muka watse muna murna.

Ranar fareti da hantsi sai ga iskar farkon damina, irin mai kwashe rumfa. Ba ruwa, iska ce zalla. Ta karya ɗaurin goran, eriya ta kwanta, allo ya yi baƙi. Ga gidan cike da mahauta da matan unguwa. A rediyon maƙwabta muna jin an fara buga badujala. Baba ya dafa sandarsa, ya zuba wa baƙin allon ido.

Ban san lokacin da Malam ya kafa tsani ba. Dattijo mai shekara sittin da ɗoriya, sai ga shi a kan kwano ba takalmi. Babu lokacin sake ɗauri, sai ya ɗaga goran ya rungume shi a ƙirji. Iska ta lafa, rana ta buɗe, kuma duk wanda ya san ranar Mayu a Garoua ya san kwano a lokacin ya isa gasa tsire. Ni na tsaya a ƙofar ɗaki ina kwarara masa ihu.

"Dama kaɗan, Malam! Ya wuce! Dawo! Nan, nan, kada ka motsa!"

"Ya fito?"

"Ya fito tar!"

Bilya ya roƙe shi ya sauko su yi canji. Ya ce a'a, in aka sake hannu saiti zai gudu, kuma ba wanda ya san minti nawa ya rage. Haka ya tsaya fiye da awa guda, rukuni na wucewa bayan rukuni, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Sai ga rukunin ma'aikatan jinya. Kyamara ta bi sahun gaba, ta zo ƙarshen dama, ta tsaya kamar an roƙe ta. Baba ya miƙe ba sanda.

"Aisatu! Wallahi Aisatu ce! Ga ta nan, jama'a!"

Guɗa ta tashi, mahauta na kabbara, Pauline na tsalle da zani a hannu. Ni da na tsufa da gemu sai da na yi hawaye, ban kuma ji kunya ba. Daga sama muka ji muryar Malam a dishe: "Ya gan ta?" Muka amsa baki ɗaya. Da ya sauko, tafin ƙafarsa duk ya yi bororo. Shi kaɗai ne a gidan bai ga komai ba. Ya zauna a dakali ya ce, "Yaya Mahamman, ta yi ƙiba ko ta rame?" Baba ya kama hannunsa ya ce, "Ta rame, Hayatu, ta yi baƙi. Amma har tabon haɓarta na gani."

Malam Hayatu, useko, mun gode, Allah Ya saka maka da gidan Aljanna, Ya ba gwiwar nan lafiya. Ku kuma masu sana'ar hannu da ke tasowa, ku je rumfarsa tun yana zaune a ciki, ku koyi gaya wa mutum gaskiyar abin da zai amfane shi ko da cinikinku zai ragu.

Wata huɗu bayan faretin nan idon Baba Mahamman ya rufe gaba ɗaya. Jiya na gaya masa zan rubuta wannan, na tambaye shi ko yana da saƙo ga Malam Hayatu. Ya ce, "Ka ce masa duhun nan bai dame ni ba. Duk inda na juya, ita nake gani, tar."