Ranar da Na Tsoratar da Mai Duba Aikin 'Yata

Da 'yata ta zo gida wankan jego, da kwamfutarta ta zo. Aikinta rubuta manhaja ne, ita da wasu da ke Kano. Ni da karatuna bai wuce gane lambar motar Bici ba, kallo kawai nake yi.

Wata hantsi na dawo daga gonar gyaɗa, na tarar da ita ta yi tagumi a gindin darbejiya.

"Lafiya?"

"Baba, na gama gyara tun jiya, amma ba zai shiga babban reshen aikin ba, inda ake haɗa aikin kowa, sai wani ya duba ya amince. Har yanzu bai amince ba."

Raina ya ɓaci. Yarinyar da na gama cika baki da ita a majalisa, wai ita ce ke jiran izinin wani? Uwarta na kiranta wanka, wayarta ta yi ƙara. Na ɗauka. Yana fara maganar aikin na gane shi ne, mai dubawar.

"Kai ne ka riƙe mata aiki? Mai jego ce fa! Gidanku babu manya ne?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba," in ji shi da sauri. "Yanzun nan."

Na zauna ina kaɗa ƙafa kamar na kamo ɓarawon akuya.

Da ta fito ta duba kwamfutarta, sai ta juyo ta dube ni.

"Baba, me ka ce masa?"

Na zayyana mata, har da ƙarin gishiri.

"Ni ce shugabarsu," ta ce a hankali. "Ni na kulle reshen, na ce ko aikina kada ya shiga sai an duba. Shi sabo ne, da ƙyar na koya masa ya daina jin nauyina. Ga shi ka sa ya amince bai karanta ba."

A gabana ta soke amincewar, ta kira shi ta ba shi haƙuri, ta ce ya sake dubawa a tsanake. Ni kuwa na duƙufa gyaran ƙotar fartanyar da babu abin da ya same ta.

Bayan la'asar ya kira. Ya ga kuskure a aikin nata. Amma kafin ya faɗa, na jiyo shi yana tambaya ƙasa-ƙasa:

"Hajiya, Baba yana kusa?"

Ta ɗago ta dube ni. Na ɗauki fartanyata na koma gona, alhali na gama noman tun da safe.