Dakan da Muka Ji a Ƙarƙashin Ruwa, Ni da Isuhu

Isuhu ya rasu. Da safen nan ɗiyarshi ta kira ni daga Mayahi ina cikin shan koko. Har yanzu kokon yana nan cikin kwano.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutanen Mayahi sun san shi malamin gona, mai yawo da keke ƙauye-ƙauye yana raba irin gyaɗa. Ni tun muna 'yan lakwal, makarantar boko ta kwana a Tasawa, na san shi, shi daga Kanan-Bakashe, ni daga Urafan. Bargo ɗaya gare mu, kuma nashi ne.

Bayan samun 'yancin kai aka tura mu Faransa karatun noma, don a lokacin gyaɗa ce ke riƙe da ƙasa. A shekararmu ta biyu wani malaminmu Bature ya kwashe mu zuwa Jibuti, bakin Bahar Maliya, mu yi sati biyu muna nazarin halittun ruwa. Mu da ba mu san ruwan da ya wuce tabkin damina ba!

Aka ba kowa tabarau mai rufe ido da hanci, da ɗan bututun da za ka sa a baki kana shaƙar iska fuskarka na cikin ruwa. Ranar farko na ƙi shiga. Isuhu ya kama wuyan hannuna ya ce, "Laminu, kwanta kawai. In ka nutse, tare muka nutse."

Na kwanta. Na ga murjani, wanda nake zato ado ne kawai na wuyan iyayenmu, ashe abu ne mai rai, yana yin rassa kamar kurmi. Kifaye kuwa kala-kala kamar zannuwan sallah. Mu leƙa, mu fito, mu zana abin da muka gani a littafi. Ni ban iya zane ba, shi yake yi mini nawa.

A rana ta biyar, da tsakar rana, muka kai inda murjanin ya ƙare. Daga nan ƙasa ta yanke, ruwa ya yi baƙi wuluk kamar ka leƙa rijiya mai gaba talatin. Kifayen ma ba su tsallakawa.

Can ƙasa na ji shi. Daka. Taɓarya a turmi, dum, dum, sai tafi, sai dum.

Na juya na ga Isuhu ya saki bututunshi, ya buɗe hannuwa, yana sauka a hankali, idonshi a buɗe. Ban san yadda na yi ba. Wandonshi na cafko, na yi ta shure-shure har masu kwalekwalen da ya kawo mu suka ja mu.

Da ya gama aman ruwa ya ce, "Inna ce. Haka take daka, sau biyu sai ta tafa."

Malamin ya ce kifaye ne ke gaigayar murjani, kuma ruwa yana ruɗa kunne. Sauran ɗalibai suka yi dariya. Isuhu ya dube ni ya ce, "Kai ba ka ji ba?"

Na ce ban ji komai ba.

Tsoro nake ji, kuma ba na so a yi mini dariya.

Da muka koma makaranta wasiƙa tana jiranshi. Innarshi ta faɗi a gindin turmi da rana tsaka, ba ta tashi ba. Mai wasiƙar bai sa kwanan wata ba, Isuhu kuma bai taɓa tambaya ba.

Daga nan bai ƙara shiga ruwa ba. Ko rijiya ba ya leƙawa. Ya dawo gida ya yi aikinshi, duk wanda gonarshi ta ƙi, shi ne farkon zuwa.

Watan jiya na je gaishe shi. Ya rame, yana kwance a tabarma cikin zaure. Muka taɓa hirar jikoki, sai ya kalli ƙasa.

"Laminu, ka ji a ranar, ko?"

Na ce, "Na ji, Isuhu."

Ya lumshe ido. "Na sani. Fuskarka ta faɗa mini tun cikin kwalekwale. So nake in ji daga bakinka."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Wanda ya jawo ni da wando? Tashi ka ba ni ruwa."

Da na miƙa mishi moɗa, ya daɗe yana kallon cikinta kafin ya sha. Ban tambaye shi ba.

Ban san abin da muka ji ba, Allah ne masani. Na dai san na bar abokina shi kaɗai da abin nan tun muna samari har muka yi furfura, bai kuma taɓa canza mini fuska ba.

Allah ya jiƙan Isuhu, ya yafe mishi, ya haskaka kabarinshi, ya haɗa shi da innarshi a Aljanna. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi mishi addu'a, ko bai san shi ba.