Littafin da Sista Ta Ba Taubashiyata

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu na Kazaure da gidan wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, wadda duk unguwa ke kira Sista. Kirista ce, 'ya'yanta suna Jos wurin mahaifiyarta, ita kaɗai take zaune a ɗaki biyu. Tana da talabijin da na'urar faifai, da wata jakar fata cike da faya-fayan wani shiri na Turawa. Ta ce tun tana ƙarama ake yin shirin. 'Yan wasan farko wasu sun tsufa, wasu sun mutu, an sako sababbi, amma labarin bai ƙare ba. Labarin wasu mutane ne da duniyarsu ta lalace, suka shiga wani ƙaton jirgi suna yawo tsakanin taurari suna neman wurin zama.

Ranar Asabar bayan azahar, in an kawo wuta, mu 'yan matan layin mukan taru a falonta, mu biyar ko shida, mu zauna a kan ledar ƙasa. Ni ce tafinta. Lokacin ina aji huɗu na sakandare, kuma Turanci ne abin da na fi kowa iyawa a ajinmu. In kyaftin ɗin jirgin ya yi magana sai duk a juyo a dube ni, ni kuma in fassara, har da kwaikwayon muryarsa. Abin da ban ji ba in cike da nawa. Sista takan yi dariya ta ce, "Wannan yarinya, ke ya kamata su ɗauka aiki a jirgin." Maganar nan takan yi mini daɗi har cikin mako.

A shekarar ne aka kawo 'yar kawuna daga Gwiwa don ta yi makaranta a gidanmu. Na girme ta da shekara ɗaya, Yaya take ce mini. Mahaifiyarta Bafillatana ce, ita ma in ta tsorata Fillanci ke fara zuwa bakinta. Ba ta da surutu. Turancinta kuwa ba a cewa komai, ko gaisuwar malami sai ta yi inda-inda. Na ja ta zuwa gidan Sista ne don in nuna mata abin da ba ta taɓa gani ba. Takan zauna can baya kusa da ƙofa, ba ta tambaya, ba ta dariya, idonta a kan talabijin kamar za ta shige ciki. In an gama, muna tashi da hayaniya, ita takan tsaya ta share falon.

Da damina ta kusa aka yi wa Sista canjin wurin aiki. Ranar da take ɗaure kaya muka je sallama. Ta ba Umma tukunya, ta ba Kaka bargo. Sai ta buɗe wani kwali ta fiddo littafi, ɗan ƙarami mai kauri, bangonsa ya sha hannu. Tun daga nesa na gane hoton jirgin. Ta ce labarin mutanen shirin ne, amma wanda ba a taɓa nunawa a talabijin ba, wani ne ya zauna ya rubuta shi daban. Na riga na fara goge hannuna a jikin hijabi. Sista ta wuce ni ta miƙa wa taubashiyata.

"Ga shi, ki riƙe da kyau," in ji ta.

Ni kuma ta ba ni turare, ɗan kwalba mai kyau. Na ce na gode. Ban san yadda na fito daga gidan ba. Turaren nan har ya bushe a akwatina ban taɓa shafawa ba.

A hanya na ce da ita, "To, ke da ba kya jin Turanci, me za ki yi da shi?"

Ta ce, "Zan koya, Yaya. Ko za ki fara karantawa?"

Da na ce eh, da magana ta ƙare a nan. Amma ni ba aro nake so ba, so nake a ce ni aka ba. Na ce mata ba na so, ai wannan ba na gaske ba ne, tunda ba a faifai yake ba, wani ne kawai ya ƙirƙira don ya sayar. Ta sa littafin cikin hijabinta.

Sai ta aro ƙamus wurin yayanmu, wanda ke koyarwa a wata firamare a Roni yana zuwa gida ƙarshen mako. Kullum in mun dawo daga makaranta, ta gama wanke-wanke, sai ta zauna gindin darbejiyar tsakar gida da littafin a cinya, ƙamus a gefe, da wani tsohon littafin rubutu da take jera kalmomi. Shafi ɗaya yakan cinye mata yamma guda. Ina wucewa in ji tana haɗa baƙaƙe a hankali, tana kiran kalma ba daidai ba, bakina yana ƙaiƙayi in gyara mata, amma in daure. Sau biyu ta tambaye ni ma'anar wata kalma. Na ce ba ga ƙamus nan ba. Daga nan ba ta ƙara tambaya ba.

Na ɗauka sati biyu za ta yi ta gaji. Aka yi wata guda tana nan.

Kaka ce ta fara jawo abin. Wata rana ana tsinkar zogale ta ce, "Wai ke me ke cikin takardar nan da ya hana ki sakat?" Taubashiyata ta fara ba ta labari, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce injin jirgin ne ya lalace, suka sauka a wata duniya da ruwan sama ba ya zuba sai bayan shekara arba'in, mutanen wurin suna kwance a ƙarƙashin ƙasa suna barci har ruwa ya zo ya tashe su. Kaka ta ajiye zogalen ta ce, "Shekara arba'in? To dabbobinsu fa?" Taubashiyata ta ce ba ta kai wurin ba tukuna. Kaka ta ce to ta yi maza ta kai.

Daga ranar abin ya zama al'ada. Bayan la'asar ana gyaran wake ko ɓarar gyaɗa, sai a ce ta kawo na yau. Umma tana ji, matar yayanmu tana ji, har maƙwabciyarmu mai sayar da awara takan leƙo da faranti a hannu. 'Yan matan da a da suke juyowa su dube ni a falon Sista, yanzu su ne ke zagaye da ita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta iya. Ba ta kwaikwayon murya kamar ni, ba ta ƙari. Sai ta faɗi abin a hankali, in ta zo inda ta tsaya ta ce, "Nan na kai." A yi ta roƙonta, ta ce wallahi ita ma ba ta san gaba ba. Kuma a cikin labarin an gano cewa wani daga cikin mutanen jirgin ne ya lalata injin da gangan, ba a san ko wane ne ba. Gidanmu ya rabu biyu. Kaka ta ce makanikiyar nan ce mai hannun ƙarfe, ba ta yarda da ita ba tun farko. Umma ta ce likitan ne.

Ni ina ɗaki, na buɗe littafin lissafi, amma kunnena yana tsakar gida. In aka yi dariya sai in ji kamar da ni ake. Wani lokaci in fito ɗaukar ruwa in ce, "Ai a faifai ba haka kyaftin yake magana ba." Ba mai kula ni. Wata rana ma matar yayanmu ta ce, "Ke dai ki zo ki zauna mana, kin tsaya a kanmu."

Da aka yi haihuwa a gidan su taubashiyata, kawu ya aiko da babur aka ɗauke ta zuwa Gwiwa bikin suna, kwana biyu. Littafin ta bar shi ƙarƙashin katifarta, na sani, don ɗaki ɗaya muke kwana. Washegari na ce kaina na ciwo, ban je makaranta ba. Na tura ƙofa na ɗauko shi.

Na so a ce ba shi da daɗi, amma yana da daɗi. Tun hantsi na fara, ban ji kiran azahar ba sai da Umma ta buga ƙofa. A gefen shafuka na ga rubutunta da fensir, ƙanana, ma'anar kalmomi da Hausa, wani wurin da Fillanci. A wani shafi na ƙirga kalma goma sha tara da ta nema a ƙamus. Rubutun fensirin ya tsaya a wajen kashi biyu cikin uku na littafin. Ni na wuce, na kai ƙarshe kafin magariba, na mayar da shi yadda na same shi.

Taubashiyata ta dawo da tsarabar nono da man shanu. Ranar da yamma aka baje tabarma, aka zubo gyaɗa, Kaka ta ce kwana biyu an bar su a rataye. Wannan karon na fito na zauna. Umma har ta ce, "A'a, yau da ke?" Taubashiyata ta matsa mini wuri, fuskarta da murna. Ta fara. Aka koma musun nan na wanda ya lalata injin, Kaka tana rantsuwa makanikiya ce.

Na ce, "Ƙanin kyaftin ne. Ya gaji da yawo, yana so a zauna. A ƙarshe ruwan ya zo, mutanen ƙasa suka tashi, shi aka bar shi a can, jirgin ya tafi."

Mai awara ta daina ɓarar gyaɗa, ɓawon na hannunta.

Kaka ta ce, "Wa ya tambaye ki?"

Umma ta zuba mini ido. Taubashiyata ta dubi littafin da ke cinyarta, ta dube ni ta ce, "Ashe kin karanta, Yaya." Ba faɗa a muryarta. Ta rufe shi ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Na zaci zan ji sanyi a raina. Abin da na ji shi ne kunya, da wani haushin kuma a kanta, don ba ta yi kuka ba balle a ce mun yi faɗa. Daga baya Umma ta kira ni ɗakinta ta ce, "Yarinya ta zo gidanku, abu ɗaya ta samu nata, shi ma sai kin taɓa."

Zaman labari ya mutu daga ranar. Kaka ta nemi a ci gaba, taubashiyata ta ce ai an riga an ji. Amma karatun ba ta bari ba. Ta ƙara sati biyar a gindin darbejiya ita kaɗai har ta kai shafin ƙarshe. Ba mu yi gaba ba, muna tafiya makaranta tare, muna cin abinci kwano ɗaya. Haƙuri dai ban ba ta ba. A jarrabawar ƙarshen shekara ta zo ta uku a Turanci a ajinsu. Yayanmu ya bar mata ƙamus ɗin kyauta, wannan ma na ji shi.

Yanzu ita ce ke koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata, ni kuma ina da shagon ɗinki a Kazaure, ina rubuce-rubucena in na samu sarari. Bara muka haɗu a bikin wata 'yar'uwa a Babura. Muna zaune a bayan gida muna yanka albasa, mu biyu, sai na tambaye ta abin da na shekara fiye da ashirin ina son sani.

Na ce, "Wai don Allah me ya sa Sista ta ba ki littafin nan ba ni ba?"

Ta ɗan yi tunani kafin ta gane littafin da nake nufi. Wannan kaɗai ya sosa mini rai. Sai ta ce, "Roƙonta na yi. Ina shara na gan shi a kan kantar falonta, na ce in za ta tafi ta bar mini. Ta ce to."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya. Ke ba ki tambaya ba."

Na ce mata na ɓata mata labari a gaban mutane, ban kuma taɓa ba ta haƙuri ba. Ta yi dariya har da share hawayen albasa da bayan hannu. Ta ce ta yi kwana uku tana jin haushina, amma daga baya abin ya taimake ta, don da ta san inda labarin ya dosa sai kalmomin suka fi saurin shiga kanta. Wato ko muguntar tawa amfani ta yi mata. Na ce mata wannan bai yi mini daɗin ji ba, ta ce ta sani.

Aka kira ta daga cikin gida, wai ta zo ta duba takardar jawabin da ƙanin ango zai karanta da Turanci. Ta wanke hannu ta tafi. Na bi ta da kallo har ta shige, ina jin ana cewa a matsa wa Malama. Albasar da ta rage mai yawa ce, ni na ƙarasa yanka ta.