Neman Kwamfutar Halas

Mahaifina bai taɓa cin mangwaron maƙwabci ba. Akwai bishiya a gidan da ke jingine da namu a Ba'awa, reshenta ya ƙetaro katanga, duk bazara sai ta yi ta zubo mana 'ya'ya a tsakar gida. Muna yara yakan sa mu tattara su a kwano mu kai wa masu ita, su yi dariya su dawo mana da su, sannan mu sa a baki. Na girma ina kallon wannan tsantseni nasa a matsayin wata 'yar lalura da ba ta cutar da kowa. Ban san wata rana ni za ta faɗo wa ba.

Malamin zaure ne, manya ke ɗaukar karatu a wajensa bayan asuba kafin su wuce gona. Ban da littattafai, yana da wata dukiya a ka: waƙoƙin wa'azi da kakansa na wajen uwa ya tsara. Takardun ajamin gara ta cinye su tun kafin a haife ni. Mahaifiyarsa ce ta haddace su, ta koya masa tana kaɗi yana zaune a gefenta, kuma duk zuriyar shi kaɗai ya riƙe. Sunanta aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

Da idonsa ya fara mutuwa, ni na matsa a rubuta su. Ya ƙi yarda a naɗi muryarsa, wai ba ya so ya ji wa'azin kakansa yana tashi a shagon caji ana hira a kai. Amma rubutu ya yarda. Ina koyarwa a firamare a Bebeji, inda nake aure, don haka duk Asabar sai in hau mota zuwa Kiru, in ƙarasa da acaɓa, da tsohuwar laftof ɗin maigidana a jaka. Baba ya faɗa, in buga, in karanto masa, ya gyara. Mun ɗauki shekaru muna haka, domin baiti ɗaya yakan cinye mana yini idan ya tsaya ba ni labarin abin da ya sa aka tsara shi. Muka gama. Abin da ya rage kawai in kai a buga a takarda.

Bakina ne ya ja mana. Akwai wani ɗan rubutun Turanci da ya daɗe a kusurwar fuskar laftof ɗin, na saba da shi kamar tabon da ke goshina. Ran nan ya rufe mini ƙarshen wani layi, na yi tsaki. Baba ya tambayi abin da ya faru. Na ce ba komai, na'urar ce take ƙorafin wai manhajar da ke tafiyar da ita ba ta asali ba ce, ba a biya masu ita ba. Na faɗa ina dariya.

Na ɗago na dube shi, sai ya ce:

“Wato ta sata ce?”

Na ce ba sata irin wadda ya sani ba ce, kowa haka yake yi, a kasuwa ake zuba wa mutum. Ya sake tambaya ko masu ita sun yafe. Na ce ai ba su ma san akwai wani gari mai suna Ba'awa ba. Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Sannan ya janye ƙafarsa daga kan tabarmar da laftof ɗin take, a hankali, ya ce in rufe ta. Na san wannan muryar, da ita ake mayar da mangwaro.

Maigidana kwamfuta yake koyarwa a sakandare, a kan allo da alli, tun da makarantar ba ta da ko ɗaya mai aiki. Da na ba shi labari cikin fushi, maimakon ya taya ni, sai na ga fuskarsa ta washe. Ashe ya daɗe yana neman wanda zai saurare shi a kan wata manhaja da ake kira Linux, ni kuwa duk ran da ya fara sai in tuna ina da wanke-wanke. Asabar ta gaba ya bi ni, ya durƙusa ya gaida Baba, ya yi masa bayani: mutane ne da yawa a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina ta, suka ce kowa ya ɗauka, ya gyara, ya ba wani, da sharaɗin kada wanda ya karɓa ya kulle ta ya hana na baya.

Baba ya sa ya maimaita sharaɗin. Sai ya ce, “Waƙafi ke nan. Kamar rijiyar bakin hanya.” Ya ɗaga hannu ya yi wa mutanen addu'a, bai san sunan ko ɗaya ba, bai san addininsu ba. Ya ce a nemo na'urar da za ta ɗauki wannan, tun da tsohuwar dama ta kusa mutuwa, batirinta ba ya kai tsawon alwala. Ya kafa sharaɗi biyu: a tambayi mai sayarwa inda ya samo ta, kuma ta zo babu kayan kowa a cikinta.

Na kwashi adashena muka tafi Kano, kasuwar waya da kwamfuta. Ni ido na bi. Na ɗauki wata siririya mai sheƙi, mara nauyi, ga araha, har na fara hango ta a jakata. Maigidana ya zaro filash ɗinsa mai ɗauke da manhajar ya soka, ta ƙi ko kallonsa. Wai irin waɗanda makarantun ƙasashen waje suke raba wa yara ce, a kulle take tun daga can. Ta biyu ta karɓa, amma ba ta ga intanet ba. Ta uku madannanta biyu sun mutu, kuma ɗaya daga ciki shi nake bukata don fitar da ƙ mai ƙugiya. Akwai wadda aka like mata komai a ciki, ba a iya ƙara mata ƙwaƙwalwa ko canza mata batir, in ta lalace sai dai bola. Ƙafafuna suka yi nauyi, na fara jin haushin Baba, da maigidana, da mutanen waƙafin gaba ɗaya.

A ƙarshe muka tsaya a kan wata baƙa mai kauri, mummuna, gefenta a goge, irin waɗanda ofisoshin Turai suke zubarwa in sun sake sababbi. Tana karɓar filash ta tashi tsaf. Sauti ya yi, intanet ya yi, ƙ da ɗ da ɓ duk suka fito, batirinta kuma ana zare shi da hannu a sa wani, abin da ya fi komai muhimmanci ga garin da sai an kai shagon mai sola ake caji. Na tambayi mai shagon inda ya samo ta, ina jin kunyar tambayar. Ya nuna mini kwalayen da suka zo tare. Da na ce kuma ina son ta wayam, babu komai a ciki, sai ya dube ni kamar na ce ya sayar mini da mota babu taya.

Na gaya masa dalili. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, “Hajiya, in haka ne, katin ɗaurin aurenki ma da irinta aka buga shi. Jadawalin sallar da ke manne a masallacin garinku, da me kike zaton an yi shi?”

Ni ban yi dariya ba. Na tsaya ina kallon layin shagunan nan har inda idona ya ƙare, kowanne da samari suna zuba wa mutane abu ɗaya, ga alhazai da carbi suna jira a ba su. Shekara da shekaru ina cewa kowa haka yake yi, amma ban taɓa tsayawa na ga yawan kowan ba sai ranar. Na yanke a raina ba zan kai wa Baba maganar jadawalin ba, don na san zai koma sa a duba masa inuwa don sanin lokacin salla.

Muka bar shi ya sa sabon batir, muka je sallar azahar. Muna dawowa ya miƙo mini ita yana murmushi, wai ya ga ni mutuniyar kirki ce, ya cika mini ita da komai a matsayin gyara, har da finafinai. Ban san lokacin da na ɗaga murya a tsakiyar kasuwa ba. Bawan Allah ya tsaya baki buɗe, shi a ganinsa alheri ya yi. A nan kan teburinsa maigidana ya share ta tas, ya zuba mata ta waƙafin, mai shago yana kallo yana girgiza kai.

Baba ya shafa ta da hannu biyu kamar mai duba tunkiyar layya, ya ɗaga ya ji nauyinta, ya ce wannan ta yi kama da mai gaskiya. Na ji daɗi. Na ajiye tsohuwar kusa da sabuwar, na ce yanzu zan kwaso waƙoƙin in zuba a nan, aikin ƙiftawar ido ne.

Ya ce a'a. Ya ce a goge na cikin tsohuwar, mu sake daga farko.

Na zaci ban ji daidai ba. Na ce kalmomin nasa ne, na kakansa ne, ba na kamfanin kowa ba. Na ce to bari in kwafe su da hannu a takarda, mu jefa tsohuwar a rijiya in yana so. Ya ce hatsin da aka noma da garmar sata, ko an sake masa buhu shi ne dai. Na yi kuka, na yi magiya. Na sa aka kira amininsa, wani malami daga Tudun Wada da suka yi karatu tare, ya zo takanas. Ya gaya masa a gabana cewa laifin yana kan wanda ya sata, mu ba mu sani ba, rubutun halas ne ba tantama. Baba ya ce ya yarda halas ne ga kowa, shi dai ba zai ɗora sunan kakansa a kai ba. Amininsa ya tashi yana cewa taurin kan nan tun suna samari yake fama da shi.

Na roƙi abu ɗaya: a bar tsohon rubutun har mu gama sabon. Ya ce in yana nan zan leƙa, shi ma zai jingina da shi. Ya ce wanda ya faɗa sau ɗaya zai faɗa sau biyu.

Na goge a gabansa. Abin da ya sa na iya daurewa shi ne na san akwai kwafi a filash cikin jakata, maigidana ne ya ba ni shawarar in ɓoye. Sai Baba ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, da idanun nan da ba sa ganina.

“Uwata, akwai inda ya saura?”

Ban taɓa yi masa ƙarya ba. Na nemi yadda ake yi a lokacin, ban samu ba. Na zaro filash ɗin na goge shi ma. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan gaskiyar, kuma har yau ban san yadda zan yi in ƙi faɗar ta ba.

Asabar ta gaba muka fara. Sabuwar na'urar ba ta ba ni matsala ko ɗaya ba, batirinta ya kai mu har la'asar. Waƙar farko ta zubo daga bakinsa kamar ruwa, ta biyu ma haka, har na fara jin kunyar kukan da na yi. Muka shiga ta uku, doguwar da ke magana a kan haƙƙin maƙwabci, wadda ya fi so. Ya kai tsakiya ya tsaya. Ya koma baya ya sake taho da gudu, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya yi ta motsa leɓe, babu abin da ya fito.

A lokacin na gane abin da ni da shi ba mu lissafa ba. Da can kullum bayan asuba yana bitar waƙoƙin nan shi kaɗai, don tsoron kada su tsere. Tun da ya ji sun shiga na'ura hankalinsa ya kwanta, ya sauke kayan, ya daina bita.

Ya gyara zama ya ce, cikin muryarsa ta kullum, “Uwata, karanto mini yadda na faɗa a waccan.”

Na lalubi kaina, ni da na buga su da yatsuna, na samu rabin layi, na faɗa masa. Ya ce ba haka yake ba, kada in sa wa kakansa abin da bai faɗa ba. Sannan na ga lokacin da ya tuna inda waccan take. Ya daɗe yana shafa gemunsa.

“Bar wurin a buɗe,” ya ce. “In ya zo, mu cike.”

Na danna madanni na sauka ƙasa, na bar fili, muka wuce baiti na gaba. Kafin damina ta fita mun bar irin wannan fili a wurare da yawa, wasu na layi ɗaya, wasu na rabin shafi. Kaɗan daga ciki sun zo masa, yakan sa a kira ni a waya da sassafe ya faɗa mini da sauri kafin su gudu. Na tsakiyar waƙa ta uku bai zo ba, kuma yanzu babu wanda zan tambaya.