Jinin Tsuntsayen Dakta Muhyiddeen

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, goma ga Sha'aban, tirela ta bi ta kan babur ɗin Dakta Muhyiddeen Falalu a titin Sharada. Da hantsi mun yi waya yana tsokanata, kafin la'asar muna bin gawarsa. Har yanzu na kasa yarda.

Muhyiddeen, shekara uku kana sammako zuwa kogin Challawa, kana tarkon tsuntsayen teku da ke yada zango a nan lokacin sanyi. Ba ka taɓa kashe ko ɗaya ba. Gashi guda, ɗigon jini, sai ka sake shi. Muna yi maka dariya a ɗakin gwaji, muna kiranka wanzamin tsuntsaye, kai kuma ka yi mana bayani ba gajiya: sinadaran gashi suna nuna abin da tsuntsu ya ci can bakin teku, na jini kuwa abin da ya ci nan Kano. Idan akwai dafin ruwan masana'antu a jininsu, to yana cikin kifin da mutane ke saya. Masunta sun ba ka aron kwalekwale, ka yi musu alkawarin bana za ka ba su amsa kan lafiyar kifinsu.

Saboda ɗaukewar wuta a ɗakin gwaji, a firizar gidanka mai sola a Ɗorayi ka zuba kwalaben jinin.

Ranar sadakar uku na je ɗauko su. Jama'a ta cika layi, rana na dukan mutane. Ƙaninka Lawan, wanda ke ta hidima da baƙi, ya ce min, "Yaya Sagir, wasu 'yan kwalabe ne suka cika firizar, na kwashe su tun ranar jana'iza aka sa ruwan masu gaisuwa."

A bayan ɗaki na same su cikin bokiti, jinin ya yi baƙi, ya lalace. Kada kowa ya zargi Lawan. Ni ma na sha ruwan nan, har na yaba sanyinsa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa Hajiya mahaifiyarka, da maiɗakinka Badi'a, da Lawan ta'aziyya. Masunta sun zo gaisuwa su ma. Kunya ta hana su tambaya, ni kuma na kasa haɗa ido da su.