Inna Ɗaso da Bikin Rashel

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, biyar ga Sha'aban 1446, Allah Ya karɓi ran mahaifiyata, Hajiya Ɗaso mai lalle, a gidanmu da ke unguwar Jarwal a Makka. An yi mata salla a Harami bayan la'asar.

Inna, duk unguwa ta shaida alherinki. Ba amaryar da kika mayar don ba ta da abin hannu. Amma ni, Kabira, 'yarki ɗaya tilo, ina da ƙorafi, kuma yau zan faɗa.

Kafin ki iso Makka kin yi shekara tara a Omdurman ta Sudan kina aiki a gidan wani Bayahude mai sayar da yadi. Kika raini 'yarsa Rashel, marainiya, har ta yi aure. Wannan biki na ji shi ya fi sau dubu. Yadda kika raka ta wankan tsarki kina riƙe da kayanta, mata na guɗa. Yadda aka shimfiɗa mayafin addu'a a kanta ita da angon, ya sa mata zobe marar ado, aka karanta takardar alkawarin da ya ɗaukar mata, aka sa albarka sau bakwai. Sannan ango ya taka kofin gilashi ya fashe, don ko cikin murna su tuna da ɗakin ibadarsu da aka rushe a Ƙudus.

Nawa bikin fa, da aka yi a unguwar Rusaifa? Ban taɓa jin kin ba kowa labarinsa ba. Ran nan na tambaye ki, kika ce, "Ke ai kina nan, ya binti, 'yata. Wanda yake nan ba a ba da labarinsa." Na yi dariya, amma raina ya ɓaci. Wallahi na yi kishin matar da ko hotonta ban taɓa gani ba. Da kina jinya ma, ina ba ki ruwa, sau biyu kika kira ni da sunanta, na amsa.

Jiya jikar Rashel ta kira daga ƙasar waje, ta miƙa mata waya. Tsohuwa tana kuka da Larabcin Sudan, tana cewa, "Uwata ta rasu." Na so in ce uwar wa, sai na haɗiye. Ta tambayi ko za ta iya zuwa kabarinki, na ce mata ai ta san ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shigo Makka. Allah Ya yafe mini, na ji daɗin faɗin haka. Ita ta samu ƙuruciyarki da labarinki. Ni na yi miki wanka, na ɗaura miki likkafani, kuma wannan ba mai raba ni da shi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina yi wa Kawu Yunus da jikokinki ta'aziyya. Rashel ma ina yi mata, ko da yake bakina ya yi nauyi. Ita ma ta yi rashin uwa.