Na'urar Teku a Fadamar Albasa

Shekarun baya can, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Bodinga, na shafe kusan shekara guda ina neman taswirar da za ta nuna wa mahaifina hanyar da ya fi shekara ashirin yana bi. Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma a lokacin babu wasa a ciki.

Mahaifina ɗan fito ne. Ƙauyenmu yana bakin wata fadama mai faɗi, wadda da rani lambun albasa ce daga wannan gaɓa har waccan. Da damina kuwa ruwa ke shanye ta, har ya wuce kan mutum a wasu wurare. Mutanen tsallake, na ƙasar Shagari, in za su zo kasuwa ko asibiti sai ta jirginsa, in ba haka ba su zagaya ta titi su ɓata yini. Injin jirgin tun na zamanin jamhuriya ta biyu ne, lokacin da ake raba wa ƙungiyoyin manoma kaya. Da abubuwa suka tsuke, kayan gyara suka ɓace daga kasuwa, sai ya rage masa farfela ɗaya tak, fankar nan da ke tura jirgi a cikin ruwa, yana lallaɓa ta kamar ƙwai. Abin da ke cin farfela kuwa shi ne abin da masu lambu suka bari a ƙarƙashin ruwa: turakun jigon ban ruwa, da itacen da ake ɗaure bakin rijiya da shi, da ragowar shinge. Ba a ganin ko ɗaya daga sama, amma shi ya san mazaunin kowanne, yana auna su da itatuwan gaɓa.

To sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Bai faɗa wa kowa ba. Ni ma a cikin jirgi na gane, ranar da na ji ya ce wa wani fasinja, "Kai mai jar hula, giginyar can tana nan ko ta yi tahiya?" Aka yi dariya, mutumin ya ce, "Ga ta can dama, Baba." Sai na ga ya karkata hannun inji. Can gaba ya sake yi wa wata tsohuwa irin wannan barkwanci a kan tsamiya. A nan na gane ba ya ganin itatuwan. Na san ranar da farfelar nan ta daki turke, jirgi ya tsaya ke nan, shi kuma sai zaman zaure. Mutum irin mahaifina, zaman zaure zai fi ciwon ido saurin kayar da shi.

Ni kuwa ban gaji ruwa ba. Ko iyo ban iya sosai ba. Abin da na iya shi ne kwance kayan lantarki don in ga abin da ke ciki, rediyo uku na gidanmu a hannuna suka cika. Saboda haka da wani abokina, wanda ke aiki a jiragen kamun kifi a Legas, ya zo gida da Sallah ɗauke da wata tsohuwar na'ura, kusan barci ne kawai ban yi da ita ba. Akwati ce mai nauyi da ɗan gilashi a gaba, da eriya mai kama da kwanon sha a kife. An cire ta daga wani jirgi don ta tsufa.

"Wagga ita ka nuna ma matuƙi inda ya ke bisa ruwa," in ji shi. "Amma sai da katin taswira. In na koma ni aiko maka, ka zaɓi wanda yay yi."

Ya cika alkawari, kati uku suka iso cikin ambulan. Na farko ƙarami ne, na sabbin na'urori, in na saka shi sai ya yi ta lilo a ramin. Na biyu ya shiga daram, amma na'urar ta yi ƙara sau biyu ta ƙi shi, ashe ya fi ta ƙuruciya, ba ta iya karanta shi. Na uku ne ya buɗe. Jama'a, ranar na ga abin mamaki. Tekun wata ƙasa ce da ban taɓa jin sunan garuruwanta ba, an rubuta zurfin ruwa wuri-wuri, an sa alamar duwatsu, har da inda wani jirgi ya taɓa nutsewa. In na tashi daga makaranta sai in jona ta da batirin mota in zauna a inuwa ina yawo a tekun mutane. Wa ya auna wannan duka? Da wace igiya? Shekara nawa ya yi yana yi? Har na manta abin da ya sa na nemi katin. Da na tuna, na danna inda ke nuna wurin da nake, sai ga wani ɗan ɗigo shi kaɗai a fili fetal, babu komai gabas da yamma.

Na ɗauke ta na kai wa wani mai gyaran talabijin a Sakkwato. Ya juya ta, ya leƙa ramin katin, ya dube ni. "Malam, wa kake zato shi zamna shi zana taswirar teku don Bodinga?" Na ji haushi, na ɗauki kayana na koma gida. Na rubuta wa abokina cewa ya nemo mini tsohon kati irin na ukun, amma na yankinmu. Sai da damina ta kusa ƙarewa ya samo wanda ya ɗauki Afirka ta Yamma gaba ɗaya. Na ce shi ke nan, an gama.

Ranar kasuwa na shiga jirgi da kayana, na ɗaure eriya a gora, na zauna kusa da mahaifina ina hura hanci. Muka kai tsakiyar ruwa. A gilashin kuwa gulbin Sakkwato wani siririn zare ne can gefe, mu kuma ɗigonmu yana tafiya a kan busasshiyar ƙasa.

"Mi tac ce?" in ji mahaifina.

Na yi ƙasa da murya. "Ta ce muna bisa tudu."

"To sauka ka taka, Malam, mu ishe ka can."

Jirgi ya ɗauka da dariya, har wata mai tallar nono ta ce a tambayi na'urar ko za a yi ciniki yau. Na sunkuyar da kai ina kallon gilashin don kunya. A nan ne na lura da abin da ban taɓa kulawa da shi ba, domin a gida na'urar ba ta motsi. Bayan ɗigonmu akwai wani layi da ke binsa, tun daga gaɓar da muka baro. Ashe tana zana sawun jirgi da kanta. Layin kuwa a karkace yake kamar tafiyar maciji, alhali ni duk rayuwata na ɗauka miƙewa muke yi.

Kunya ta tafi, tambaya ta zo. Na ce, "Baba, don mi munka karkata nan?" Ya ce rijiya. Nan fa? Turakun jigo biyu. Can? Shingen wani mai rowa da ke kafa itacen kirya. Muna isa gaɓa na ce masa ai magana ta ƙare, na'ura ta riƙe hanya, baɗi sai mu bi layin nan ko ido rufe. Ina jin kalmar ƙarshen ta taɓa shi. Sa'an nan ya ce, "Rijiyar bana ba ita ta ta baɗi ba. Ruwa na cike wasu, a gina sabbi. Kai kana zaton yawon da ni ka yi cikin lambu da rani, na mi na?"

Yawon nan kuwa na san shi. Tun ina yaro, duk ƙarshen rani in an fara cire albasa, mahaifina kan bi lambuna ɗaya bayan ɗaya yana gaisawa da mutane, ya dawo da albasa a aljihu da cikin hula. Wasu ma har gida suke kawo masa a kwano. Ni kuwa, da na yi boko, kunyar abin nake ji. Na ɗauka roƙo ne da aka yi wa kwalliya da gaisuwa. Ban taɓa faɗa ba, amma ya sani, domin ko miyar da aka yi da albasar ba na yabawa. Ashe taswirar shekara yake ɗaukowa da ƙafarsa.

Da rani ya yi, ruwa ya janye, aka yi albasa aka fara cirewa, na cire katin Afirka ta Yamma na jefa a akwati. Na'urar ta koma fili fetal, kuma a haka na fi son ta. Muka ari jakin maƙwabci, muka ɗora masa mangala, batiri a ɓari ɗaya, na'ura a ɗayan, eriya a kan gora tana lilo. Mahaifina na gaba da sandarsa, ni ina jan jaki. Duk rijiyar da muka isa sai ya ƙwanƙwasa itacen bakinta, ya tambayi mai lambu ko zai cire turakunsa kafin ruwa, ni kuma in danna alama. Masu lambu suka sa mana suna jirgin tudu. Wani ya ce in yi hankali kada jakin ya nutse.

Kwana na huɗu na'urar ta ƙi karɓar alama, cikinta ya cika, ga kusan kashi ɗaya cikin uku na fadama ba mu taka ba. Tsohuwa ce, abin da za ta iya riƙewa kaɗan ne. Na zauna a kan kunyar wani lambu na dafe kai. Mahaifina ya ce in karanto masa abin da muka sa tun daga farko. Ina faɗa yana cewa, "Goge wagga, ruwa na da zurfi nan, ko raƙumi na wucewa. Bar wagga. Wanga kak ka taɓa shi, shi yac ci farfelata ta biyu." Zaɓen taswirar da na yi wata da watanni ina yi da ambulan, shi ya yi nasa kafin la'asar, yana ɓare albasa da farce.

Damina ta dawo, fadama ta cika. Ranar fiton farko shi ke riƙe da inji, ni ina gabansa da gilashi ina cewa dama kaɗan, miƙe, hagu. Bai tambayi kowa labarin giginya ba. Na ji daɗin da ban san yadda zan faɗa ba. Muna cikin haka, a wurin da na'ura ta nuna sarari, sai na ji ya kwantar da jirgi hagu da ƙarfi.

"Baba, miƙe! Babu komi nan!"

Ya ci gaba da karkatawa hagu. Muka wuce, na leƙa dama, sai ga ruwa yana ɗan murɗawa a kan wani abu, tsinin turke bai fi ɗan yatsa ba a ƙarƙashin ruwan. Da mun miƙe yadda na ce, da farfela ta tafi. Da muka sauke mutane na tambaye shi yadda aka yi ya gani.

"Ban gani ba," in ji shi. "Bayan yawonmu mai wurin ya gina wata rijiya, tashi ta ƙahe. Ya zo gida ya hwaɗa min, taki goma yamma da tsohuwar. Kana makaranta. Albasar da yak kawo ma kai kac ci ta ga miya."

A ranar na gane cewa albasar ba sadaka ba ce. Duk wanda ya haƙa rijiya ko ya kafa turke bayan an yi zagaye, al'ada ce ya zo ya shaida wa ɗan fito, kuma ba a zuwa hannu sake. Na buɗe na'ura na goge wata alama, na sa wannan.

Damina uku muka ƙara yi a haka, shi da inji, ni da gilashi in babu makaranta, kowane rani kuma mu fita da jaki mu sabunta. Farfelar nan ba ta taɓa dukan komai ba. Daga baya aka yi hanya da kwalbati ta ratsa fadamar, fito ya mutu, shi ma Allah ya yi masa rasuwa ba da daɗewa ba. Har yau ina son na'urori, kuma har yau in na ga taswira sai na tambayi kaina ƙafar wa ta fara taka wurin. Abin da ke damuna kawai shi ne shekarun da na yi ina jin kunyar abin da ban tsaya na tambaya ba, ni da nake kwance rediyo don in ga cikinta.

Rani biyu bayan rasuwarsa, wani dattijo ya yi sallama a ƙofar gidana da kwano cike da albasa. Bayan gaisuwa ya ce ya haƙa sabuwar rijiya, gabas da tsamiya. Na ce, "Baba, ai babu jirgi yanzu." Ya ce, "Na sani. To wa za ni hwaɗa ma?"

Na karɓi kwanon da hannu biyu, na ce ya sake faɗa mini, taki nawa daga tsamiyar.